Yadda Za Ka Zille wa Alƙawarin Hawa Babban Lilo da 'Yarka

Ana bin ɗana mai walda bashin hawa guda ɗaya. Ba kuɗi ba ne, da kuɗi ne da tuni na sa an tare shi a ƙofar shago. 'Yarsa ta fari ce ke binsa, wadda muke kira Alƙaliya saboda ba a yin magana a gidan nan ta wuce ba ta yanke mata hukunci ba. Da bakinsa ya ce zai kai ta wurin wasan yara su hau babban lilon nan tare, wanda yake kamar an tsayar da ƙatuwar tayar keke an rataya mata kujeru, ya ɗaga mutum har motoci su koma kamar kwalin ashana, sannan ya sauko da shi. Ita kuwa ta je makaranta ta shaida wa 'yan ajinsu kaf cewa kafin a dawo hutu za ta hau, kuma da babanta.

Abin da yarinya ba ta sani ba, ni da na haife shi na sani: mutumin nan tsoron bisa yake yi. Ga gemu, ga ƙirji, yana riƙe wuta a hannu yana narka ƙarfe, amma ko ƙwan fitila ya mutu a falo matarsa ce ke taka kujera ta canza, shi yana ƙasa ya riƙe mata kujerar yana ba da umarni.

To kai uban yara, in kana da irin wannan bashi a wuyanka, matso kusa. Na ga masu zille wa bashi iri-iri, ban ga gwani kamar wannan ba, kuma duk abin da ya yi a kan idona ya yi shi. Ka bi matakan nan yadda na jera, ni na tsaya maka, hutu zai ƙare ƙafarka ba ta bar ƙasa ba.

Mataki na 1: Kada ka ambaci rana

Alƙawarin da ba shi da rana ba ya nuna, kullum ɗanye yake. Ka ce "kwanan nan". Ka ce "bari abubuwa su lafa". Ba wanda ya san waɗanne abubuwa ne, kai ma ba ka sani ba, shi ya sa ba za su lafa ba.

In yarinya ta matsa, ka ɗaga kai ka dubi silin kamar mai lissafi, ka motsa leɓe, sannan ka ce, "Ki tuna mini." Mai walda ya ci sati biyu da wannan kalmar kaɗai. Illarta guda ce: Alƙaliya ta riƙa tuna masa, da safe yana goge baki, da yamma yana cire takalmi.

Mataki na 2: Ka gindaya sharaɗi, amma ka san wa kake gindaya wa

Nan ya yi kuskuren farko, ka kiyaye. Cewa ya yi, "In kin zo cikin na gaba-gaba a jarrabawa." Yarinyar da ke gyara wa mai karanta labarai a talabijin magana, ita za ka ce wa haka? Ranar da aka ba da hutu ta shigo da takardar sakamako, ba ta ko cire jaka ba ta ɗora masa a cinya.

Ya duba, ya juya bayan takardar ko akwai ƙarin bayani. Babu.

"Madalla, uwata," in ji shi.

"Yaushe ke nan, Baba?"

"Ki tuna mini."

Sharaɗi na ƙwarai shi ne wanda yaro ba zai iya cikawa ba. Da ya ce ta yini guda ba ta yi gardama da ƙaninta ba, da yanzu yana barcinsa lafiya.

Mataki na 3: Ka zama mai aiki

Kada a gan ka zaune hannu sake. Ka shigo gida da baƙin gilashin walda a goshi, ka bar shi nan har wajen cin abinci. Ka riƙa yawo da guntun ƙarfe a hannu. Duk wanda ya gan ka da ƙarfe ba ya tambayarka lilo.

A hutun nan babu abin da ɗana bai gyara ba. Ya gyara gadon yara, ya gyara marfin tankin ruwa, ya yi wa kaskon matarsa sabon hannu alhali tsohon bai ce komai ba. Ƙofar gida da lafiyarta ƙalau ya cire ta ya sake ɗora ta, yanzu sai an ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa.

Mataki na 4: Ka biya da jabu

Yara ba su san fita daga fita ba, haka masana suka ce, wato ni. Ka zuba su a mota ka ce yau ranar yawo ce. Ka kai su wurin aski. Ka kai su layin masu sayar da tsofaffin ƙarafa su ga yadda ake awo. Ka kai su duba gwaggonka mai ciwon ƙafa, su zauna a tabarma suna kallon kwalaben magani. A hanyar dawowa ka saya musu askirim, ka ce, "To, kun dai sha yawo."

Wannan ya ci Auta, ƙanin Alƙaliya, wanda bai daɗe da shiga makaranta ba. Shi in dai akwai abin lasa, ko layin biyan kuɗin wuta ka kai shi ya gode. Ita kuwa ta lashe nata tas, ta goge baki, ta ce, "Baba, wannan ai rakiya muka yi maka. Fita daban."

Ka lura, ta shanye kafin ta faɗa. Jinina ce.

Mataki na 5: Kada ka nemi agajin matan gidan

Ya je wa matarsa tana yankan albasa, ya yi ƙasa da murya. "Ki ce mata an ce lilon yana sa jiri."

"Wa yake sa wa?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Ya zo wurina. Ya zauna a bakin gado, ya tambayi gwiwata, ya tambayi bayana, har da abin da bai taɓa tambaya ba.

"Inna, da za ki ce mata ba ki son ta hau. Tana jin maganarki."

Na ce, "Ranar da ka ci bashin ka yi shawara da ni?"

Mace ba ta mantuwa, uwa kuma ta fi. Ka tsallake wannan mataki gaba ɗaya, na sa shi ne don kada ka ce ban faɗa ba.

Mataki na 6: Ka kai su ranar da wurin yake rufe

Wannan shi ne uban matakai, kuma dabarar ɗana ce, ban rage masa ba. Hutu ya zo ƙarshe, uzuri ya ƙare. Sai ya tashi ranar Litinin ya ce kowa ya yi wanka, yau sai babban lilo. Ya san sarai ba a buɗe wurin ranar Litinin, ranar gyara ce. Yadda aka yi ya sani kuwa, shi ne mai gyaran. Duk Litinin can yake yini yana ɗinke kujeru da shingaye, a ƙasa dai, na sama ya tura abokan aiki. Bai taɓa faɗa a gida ba, don ya san wa ke gidan.

Alƙaliya ta sa rigarta mai aljihu, ta ɗaure igiyar takalmi sau biyu don kada ya faɗo daga sama. Ni ma na yafa mayafi na shige gaban mota. Ba a gayyace ni ba, amma ba a biyan bashi a bayan idona.

In kun isa, ka fito ka tsaya gaban ƙofa, ka riƙe ƙugu. Ka karanta allon da ƙarfi. Ka girgiza kwaɗon kaɗan. Ka juyo da fuskar wanda aka zalunta, ka ce, "Kun gani ko? Ni dai na kawo ku." Duk ya yi wannan, kuma ya yi kyau, har na so in tafa.

Abu guda ya manta, kai kada ka manta: wurin yana da maigadi, maigadi kuma yana da baki.

Tsohon ya leƙo daga ɗakinsa da kofin shayi, fuska duk fara'a. "A'a, mai walda, yau ka makara. Ina injin naka? Au, yara ka kawo su ga aiki? Kai da ka fi kowa sanin yau ba a hawa."

Ɗana ya shiga yi masa ido. Tsohon ya ɗauka gaisuwa ce, ya duƙa wajen Alƙaliya. "'Yan mata, babanki ai ɗan gida ne. Duk sati yana nan. Sai dai ko tsani ba ya takawa, mun yi mun yi."

Mataki na 7: In mai bin bashi ta ce ta yafe, kada ka dubi madubi

Na zaci za ta yi kuka, ko ta buɗe shari'a nan a bakin titi. Ko ɗaya. Ta dubi lilon ta cikin shinge, yana tsaye shiru da kujerunsa, ta dubi uban. Sannan ta buɗe mota da kanta ta shiga.

"Ba komai, Baba. Mu je gida."

Ka ji nasara. Ka ja motarka, idonka a kan titi, ka kunna rediyo. An yafe maka, me kuma kake nema?

Shi sai ya dubi madubi. Tana zaune a baya tana kwance igiyar takalmin nan a hankali. Auta yana tambayar ko za a sayi askirim, ba wanda ya kula shi. Muka yi tafiya mai ɗan tsawo, sai uban ya yi gyaran murya.

"Uwata, gobe ki tuna mini..."

"Na daina tunawa, Baba. Zan ce wa 'yan ajinmu ban je ba."

Washegari yana goge baki, ba wanda ya tsaya masa a ƙofa. Ya cire takalmi da yamma, shiru. Ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta koma ɗaki. Mutumin da ya yi hutu guda yana gudun tambaya, sai ga shi yana bin ɗakuna da gilashi a goshi yana neman mai tambayarsa. Na daɗe ina bin mutane bashi, ban taɓa sanin ana karɓarsa ta wannan hanya ba. Yarinyar nan ta wuce ni.

Mataki na 8: In ka riga ka hau

Ban so a kai nan ba, amma tunda ka dubi madubi, ga abin da ya rage.

Ranar ƙarshe ta hutu ya shiga layi ya sayi tikiti kamar kowa. Maigadi ya gan shi, ya ajiye shayi ya kira masu share fili su zo kallo. Aka auna Auta a jikin sanda aka ce bai kai ba, ya dawo wurina yana kumbure-kumbure. Uba da 'ya suka shiga kujera, aka sauke musu ƙarfen tsaro. Ya jijjiga shi, ya duba ɗinkin waldar, ya ce wa mai kunnawa, "Wannan ni na yi." Ban sani ba ko yabo ne ko wasiyya.

Ka rufe ido tun daga ƙasa. Ka riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan ka ba yarinya, ka ce don kada ta ji tsoro ne. In kujera ta tsaya a can ƙoli ana ɗaukar wasu a ƙasa, kada ka tambayi dalili, ka ci gaba da duk addu'ar da ta zo bakinka, ko ta cin abinci ce.

Abin da ya faru a sama, daga bakinta na ji. Ta ce tana ta nuna masa. "Baba, ga makarantarmu. Ga tankin ruwan unguwarmu. Ga Inna can kamar ƙwaro."

"Na gani."

"Idonka a rufe yake."

"Na gani, na ce. Mun kusa sauka?"

"Yanzu muka zo. Buɗe ɗaya kawai, ina riƙe da kai."

Ta ce ya buɗe ɗaya. Sannan ya ce rufin shagonsa ya yi tsatsa, bai taɓa sani ba.

Da suka sauko sai da ya zauna a kan dakalin siminti, riga sharkaf da gumi. Alƙaliya tana tsaye a kansa tana yi masa fifita da tikiti, tana ba shi labarin abin da ya gani. Na ce to, an biya, na shaida.

Sai Auta ya ja masa hannun riga. "Baba, ni fa?"

Mutum yana haki, hankali bai gama dawowa ba. Ya dubi sandar awo, ya dubi yaron. "In ka kai tsawo, ni da kai."

Yaron nan ci yake kamar gara. Wandon da aka ɗinka masa farkon zango ya riga ya ɗage.

Abin da ba ruwana da shi

Na ce na tsaya maka, amma ban ce har ina ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a sama yana kiran uwarsa, kada ya aiko mini. Ba ruwana da jiri, da ƙofar da ta daina rufuwa, da maigadi mai surutu, da yarinyar da ta daina tambaya. Ban sa ka yi alƙawari ba, ban sa ka haifi mai wayo ba. In kuma an zo neman shaida a kanka, ka sani tun yanzu, bayan yaran zan bi.