Ƙofar da Jinjiri Ya Yi wa Ragon Suna

“Ni fa ƙarfe tsorona yake ji,” in ji Jinjiri, yana shafa tumbi a majalisar Karare. “In na harare shi, da kanshi yake lanƙwashewa.”

Kai da ba ka san Jinjiri ba sai ka ɗauka a gareji aka yanke masa cibiya. Ina! Duk iliminsa na walda bai wuce tsayuwar da yake yi a bakin shagon abokinsa Musbahu a Batsari ranar kasuwa ba, yana cin gyaɗa yana ba masu aiki shawarar da ba su tambaya ba. Shi ya sa ’yan majalisa suka raɗa masa Injiniya Ba-a-gwada-ba.

To, matarsa Zuwairatu ta haifi ɗan fari, surukinsa Malam Labaran ya aiko da ragon suna daga Safana. Rago ne ƙato, mai zuciyar ɗan dambe, ba igiyar da bai tsinke ba. Da raguna suka yi tsada haka, in wannan ya gudu, babu na biyu.

“A kai shi garken maƙwabta mana,” in ji Zuwairatu daga ɗaki.

“Ina raye? Tsohon shagon nan na zaure ƙofa kawai ya rasa. Zan yi mashi wadda ko giwa sai ta yi sallama.”

Ana gobe suna ya aro injin walda da janareto wajen Musbahu. Musbahu ya biyo shi har bakin babur ɗinsa yana cewa, “Ka kankare tsatsa sai ƙarfen ya yi haske, in ba haka ba ba ya kamawa. Bututun nan mai farin rufi da ka saya kuma ka goge rufin, hayaƙinshi na sa masassara. Ga gilashin fuska, ɗauki.”

“Kankara aikin masu wanke tukunya ne,” in ji Jinjiri. “Gilashi kau ina da nawa.” Ya zaro baƙin tabarau irin na ’yan acaɓa ya maƙala.

A gida ya baje kaya. Sabbin rodin da ya saya suka ƙare a rabin ƙofa na sama, sai ya janyo ƙarafan tsohon gadon kakarsa, waɗanda tsatsa ta ci har sun yi jajir kamar an barbaɗa musu yaji, ya cike ƙasa da su. Walda ta riƙa tartsatsi tana tofar da kashin ƙarfe, ya ce alamar ƙarfi ke nan. Da ya zo kan farin bututun, hayaƙi ya turnuƙe zauren. Gogan naka ya buɗe hanci ya shaƙa.

“Turaren injiniyoyi ke nan,” ya gaya wa masu kallo, waɗanda tuni suka ja baya suna tari.

Kafin magariba ƙofa ta hau. Ta ɗan karkace kamar hular ɗan tauri, amma ta hau. Aka tura rago ciki, Jinjiri ya zagaya gari yana gayyatar mutane, ba don jariri ba, don su zo su ga ƙofa.

Da asuba Injiniya ya tashi idanu luhu-luhu, kamar an zuba masa yashi a ciki, hawaye na bin kumatu, jiki na kaɗawa da masassara.

“Mahassada ne,” ya ce wa Zuwairatu. “Sun ga aiki sun jefe ni.”

Ya lallaɓa zaure da lalube, sai ya taka wani abu. Sakatar ƙofa ce, ta faɗo da kanta. Ga shi kuma ana idar da sallah surukinsa da liman za su iso. Ya tayar da janareto, ya ja waya ya shiga wajen ragon, ya janyo ƙofar, wai daga ciki zai fi ganin wurin. Mutumin da ko tafin hannunsa ba ya gani! Ya ɗora sandar walda inda yake zaton sakata take, ya yi ta zuba wuta. Ashe sabon rodin sama ya haɗe da ƙarfen dokin ƙofa, daidai inda ragon ya kwana yana goga ƙaho har wurin ya yi fes. A duk aikin Jinjiri, nan ne kaɗai walda ta kama tsakani da Allah.

Ragon da tartsatsi ya ishe shi ya ja da baya, ya fara auna mazaunan Injiniya, ya ba su haƙƙinsu. Sannan ya juya kan ƙarafan gadon kaka. Karo ɗaya, biyu suka zube kamar karan dawa. Ya sulale ta kafar, ya bi ta ƙofar gida, ya miƙe hanyar ƙauyen Darini ko waiwaye babu.

“Wayyo ragon suna! Ku tare!”

Jinjiri ya girgiza ƙofa, ko motsi. Ya durƙusa ya bi ta inda ragon ya bi. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da ƙyar, tumbi ya ce shi ba inda za shi. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

A haka jama’a suka same shi. Malam Labaran a gaba da babbar riga, liman a gefensa, mahauci a baya yana wasa wuƙa. Janareto kuma na ta surutu.

“Ina kwana, Baba,” in ji Jinjiri daga ƙasa, hawaye na zuba. “Kun zo lafiya? Ya hanya?”

Malam Labaran ya matso kusa. Ya leƙa shagon, ba rago. Ya dubi abin da ke maƙale a ƙofa tun daga kai har tumbi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya wajen liman.

“Malam, abin da muka samu a turke ke nan. Ya halatta?”

Liman ya sunkuya, ya ɗaga baƙin tabarau, ya duba idanun da kyau, ya girgiza kai.

“Ƙiba dai ta yi, Malam Labaran. Amma mai ciwon ido ba ya suna.”