Takunkuman Mama a Kan Igiya

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na yi wanki ba tare da kowa ya sa ni ba.

Lokacin korona ne. Mama nas ce a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a wani asibiti a Treichville. Duniya na gudun numfashin mutane, ita kuwa aikinta ta ce "buɗe baki" ta leƙa ciki. Takunkumi mai tace cuta ya yi wuya, biyar kacal aka ba ta. Kowanne da ambulan ɗinsa, Litinin zuwa Juma'a, wanda ta sa yau sai ya huta mako guda. Ta ce kada wanda ya taɓa.

Ni kuwa na taɓa. (Nawa na atamfa ne, kamar an ɗaura min ƙyallen goge tukunya.) Na zare na Laraba na sa, na tafi unguwar Roxy ina taku ɗai-ɗai, direbobin tasin woro-woro na kirana "Dokta!" Da na dawo gidanmu a Williamsville, ashe janbakina ya zauna daram a ciki. Na wanke shi da sabulu da jabel, ruwan nan mai sa tufa fari. Sai ya fi sauran haske. Don kada asiri ya tonu, na wanke duka biyar, na shanya a tsakar gida.

Mama ta dawo daga kasuwa, maƙwabta na zazzaune.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Mama. Taimako ne."

Tanti Hajo ta ɗakin kusa da mu ta ce, "Kai, 'yar nan akwai tsabta!"

Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta cire ɗaya, yana ɗiga.

"Ruwa na kashe matatarsa. Yanzu tsumma ne. Gobe masu tari za su buɗe baki a fuskata." Ta juya shi. "Janbakin ma bai fita ba."



Washegari ta haɗa na takarda guda biyu, ta yi bismilla ta fita. Sai Alhamis aka ba ta sababbi. Mako biyu, ko gyaran murya ta yi sai na ɗauka cutar ce ta kama ta. Allah Ya tsare ta.

Na gane cewa ɓoye laifi ɗaya ne ya haifa min biyar. Har yau in na ɗauki bokiti, Mama sai ta fara kulle ɗakinta.