Turaren Da Ya Tsiyaye A Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Matankari ba. Ko na so in manta, matata ba ta bari.

Zamanin Nasara ne, ina aikin allura a asibitin Dogon Dutsi, ina kuma ji da kaina ƙwarai (wandon kaki, takalmi sau-ciki, ga Faransanci ko ba a tambaye ni ba). Ina neman auren Ɗije. Mahaifinta Malam Gado bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in zo ya gan ni. Mutum ne mai tsanani, kuma an gaya mini abu biyu ne ba ya yafewa: saurayi ya ba 'yarsa kaya a ɓoye kafin manya su yi magana, da kuma bori. Na biyun a cikin gidansa yake, don mahaifiyarsa Iya Dela tsohuwar 'yar bori ce, ɗakinta cike da kwalaben turaren da take ajiye wa doguwarta, wato iskar da ke hawanta.

Na farkon kuwa yana cikin aljihuna. Wata 'yar kwalbar turaren mata ce da na sayo wa Ɗije a kantin Turawa a Yamai. Ina son turaren nan har raina. In ka buɗe, sai ka ji kamar an ɓare lemu kusa da nunannen mangwaro, in ya jima sai ya kwanta ya koma ƙamshin icce, irin na sandal. Niyyata in miƙa mata a bayan darni ba wanda ya gani.

Dokin aro na hau, mai tsalle. Sai da na tuɓe takalmi na durƙusa a zaure gaban Malam na ji cinyata a jiƙe. Murfin ya saki. Na matse ƙafafu, na dafe aljihu, kamar tafin hannu zai tare ƙamshi. Malam yana jan carbi, amma na ga hancinsa ya motsa.

Sai ga Iya Dela da sandarta, tana shinshina iska. Ta tsaya a kaina ta ce, "Angona, wanga ƙamshi na wa na?" Ta ƙara da cewa doguwarta ta ji shi tun daga ɗaka, in ita na kawo wa, in miƙo.

Ka ga inda na shiga. In na ce na doguwa ne, na zama mai yi wa bori hidima a gaban Malam. In na ce na Ɗije ne, aure ya tashi tun ba a fara ba. Sai wayon ɗan lakwal, wato ɗan boko, ya ba ni hanya ta uku.

Na ce, "Nawa na, Iya. Ni ka shafawa."

Ta ce, "Turaren mata na hwa."

Na ce na sani (Allah Ya yafe mini, har da gyaɗa kai).

Tsohuwar nan ta yi murna kamar an yi mata haihuwa. Ta ce ba namijin da ke sha'awar turaren mata haka kawai, iska ce mace take son hawana, ta daɗe tana roƙon a samu doki a gidan nan tunda ɗanta ya ƙi. Ta ce bari ta aika a kira mai goge a girka ni. Carbin Malam ya tsaya, ya ɗago ya dube ni karo na farko.

"Gaskiya ta?"

Na dubi tabarma na ce, "Baba, ƙarya nika yi. Na Ɗije na."

Daga bayan darni na ji dariyar mata ta ƙwace, wata na toshe bakin wata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya miƙo hannu, na zaro kwalbar tana ɗiga na ba shi da hannu biyu. Ya juya ta, ya juya, ya miƙa wa mahaifiyarsa. Ya ce tunda ba ta kai ga 'yarsa ba, ba a yi komai ba, in turo manyana. Iya Dela ta karɓe, ta ƙifta mini ido. A nan na gane tun shigowarta ta san ko na wane ne.

An yi aure. Ɗije ba ta taɓa shafa ko ɗigo ba, sai dai mu shaƙa a ɗakin Iya in mun je gaisuwa. Ni kuma har tsohuwar ta rasu ba ta kira ni da wani suna ba sai dokin doguwa, Matankari kaf ta ɗauka, har masu zuwa allura.

Abin da na koya shi ne, in kunya ta sa za ka yi ƙarya gaban suruki, ka fara dubawa kada ta fi gaskiyar muni. Kuma ka ɗaure murfin kwalba kafin ka hau dokin aro.