Yadda "Sai Godiya" Ta Cinye Mana Rufin Aji Huɗu

Jiya na je makarantar su Auta jin sakamakon binciken da aka yi mana, na dawo gida ina sanɗa kamar wanda ya fasa tulun surukarsa.

Bari in koma baya. Shekara biyu ke nan rufin aji huɗu, ajin 'yata Auta, yana yoyo. Da hadari ya haɗo sai yara su kwashe littattafai su takure a kusurwa ɗaya. Wata uku da suka wuce, Ranka-ya-daɗe Babban Daraktan Bincike da Sake Bincike ya turo wata baiwar Allah ta ji ra'ayin iyaye. Ba takardar cikewa ta kawo ba. Ta ce hira za a yi, kowa ya amayar da abin da ke ransa, kuma da bakinmu za a san makarantar da za a fara gyarawa.

Kwana uku ina bita a gida, Maman Auta ce alƙaliya.

"Malam, kar ka je ka yi ta murmushin nan naka. Ka ce rufi."

"Haba, ni ɗin?"

Ranar hira, hedimasta ya zaunar da mu takwas a ofishinsa, ɗakin da shi kaɗai ne ba ya yoyo, ya ja kujera ya tare bakin ƙofa, wai yana taya mu sauraro. Baƙuwa ta kunna rakoda, ta gaishe mu har da rusunawa.

"Iyayena, yaya kuka ga makarantar nan?"

To jama'a, ku yi mini adalci. Baƙuwa ta sha hanya, ko ruwa ba ta gama sha ba, mai wuri yana zaune, wane ɗan mutunci ne zai fara da ƙorafi? Tela ya ce sai godiya. Mai facin taya ya ce malamai suna ƙoƙari. Da aka zo kaina, rufin na kan harshena, sai na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi." Dukkanmu jira muke ta sake tambaya, don mu sai an tambaye mu sau uku muke faɗin inda ke mana ciwo. Ita kuwa ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba.

Jiyan aka karanta mana rahoton, shafi tamanin da bango mai sheƙi. Wai babban jigon da ya fito daga bakin iyaye shi ne gamsuwa. Kwanon rufi kuma an kai makarantar tsallaken titi, inda iyaye marasa ta-ido suka yi ta ɗaga murya. Na jinjina wa Ranka-ya-daɗe. Ya tattara godiyarmu tsaf, ko ɗaya ba ta faɗi ba, sai dai ba a samu mai leƙa aji huɗu ya ɗaga kai sama ba.

A hanya Tela ya zungure ni. "Ba kai ka ce za ka faɗa ba?"

"Wa ya fara godiyar?"

Da azahar aka tafka ruwa. Auta ta shigo littafin lissafinta na ɗiga, kunya ta rufe ni.

"Auta, yaya makaranta?"

Ta shanya littafin a kan igiya, ta dube ni.

"Sai godiya, Baba."

Yarinyar nan dai ta yi gado.