Rasuwar Sannu-Sannu, Motar da Ba Ta Fita Bronx Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai ciwo saboda turi, ni Sheriff Gariba na unguwar Concourse Village a Bronx, direban tasi a filin jirgin JFK, nake sanar da 'yan uwa rasuwar motarmu mai gado da murhu a ciki, wadda maƙwabta suka laƙaba wa Sannu-Sannu. Ta cika ranar Asabar da hantsi a hanyar tsibirin City Island, tana da shekara ashirin da shida.

Saboda alkawari ɗaya na sayo ta, shekara huɗu da suka wuce. Maiɗakina Hawawu 'yar Zangon Sekondi ce a Ghana, a bakin teku aka yanke mata cibiya. Shekara goma sha uku ke nan tana jinyar tsofaffi a gidajen mutane, ta dafa a can, ta dawo ta dafa a nan. Na ce mata wata rana za mu bi gaɓar teku har jihar Maine, ta miƙe ƙafa, ta ci kifin da wani ya soya. Ba ta taɓa tuna min ba. Da ta tuna min ma da ya fi min sauƙi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Duk tafiyar da ta yi a hannuna daga wannan gefen titi zuwa wancan ne, ranar da motar shara za ta wuce. In aka murza makulli sai ta ce "kir-kir-kir", ta yi shiru tana shawara, sannan ta amsa "gudu-gudu-gudu". Ta kwantar da baƙi masu yawa, ba ta tambayi kowa takarda ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da Hawawu ta samu hutun mako guda, ni kuma na yi wa jama'a sallama bayan sallar Juma'a, kamar yadda ya dace. Kafin magariba kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a hanyarmu. Rilwanu ya kawo firji na ƙaninsa a New Haven. Hajiya Nimatu ta aiko buhun shinkafa uku da jarkar manja, na 'yarta a Worcester. Saani ya turo keken ɗinki zuwa Providence, tare da teburinsa. Ɗan Zango bai iya cewa babu wuri ba, ni ma ban iya ba. Gadon ya ɓace a ƙarƙashin saƙo, Hawawu ta zauna da akwatin wani a cinya.

A hawan gada marigayiya ta ce "kof, kof", ta ja dogon "shiii", shi ke nan. An ce sannu ba ta hana zuwa. Mu dai ta hana. Muna hango ruwa, iska na kawo mana ƙamshin suyar kifi daga tsibirin.  Hawawu ta buɗe kula, ta zuba min wake da shinkafar da ta dafa da asuba don ko-ta-kwana. Na ci, kunya ta ishe ni.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu da safaya, da murhun da ba a taɓa kunnawa ba, da taswirar da Hawawu ta zana wa garuruwa bakwai da jan biro.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba da ƙarfe goma zuwa wajen masu gwangwan a Hunts Point. Masu saƙo su zo kafin nan, kowa da ƙafarsa, don na gaji. Za a karɓi gaisuwa a gida har zuwa Lahadi, saboda Litinin Hawawu za ta koma aiki, hutu kuma sai baɗi in da rai. Ba ma buƙatar shinkafa. Duk mai zuwa ya taho da soyayyen kifi, ya miƙa mata a zaune.