Yadda Za Ka Shekara Ashirin Kana Kiɗa Ba Ka Iya Ƙirga Ba

Kai mai son albashin makaɗi ba tare da wahalar makaɗi ba, matso kusa. Wannan hanya tabbatacciya ce. Da ita Kuwabara ya riƙe kujerarsa shekara ashirin a wata babbar ƙungiyar makaɗa a birnin Sendai.

Mataki na ɗaya: Zaɓi faya-fayan tagulla

Masu goge suna ta zufa awa biyu. Kai kuwa sau ɗaya tak za ka gwara faya-fayanka. Sharaɗin kawai ka ƙirga gaɓoɓin kiɗa ɗari uku kana shiru kafin lokacinka ya zo. Kuwabara bai taɓa wuce arba'in ba tunanin miyar taliya bai ɗauke shi ba.

Mataki na biyu: Samu wanda zai ƙirga maka bai sani ba

Zauna can baya, ka sa ido. Tsoho Tsujimoto mai busa ƙaho yakan zazzage yawun ƙahonsa ana saura gaɓa huɗu cif a gwara faya-fayai. Da ya zazzage, Kuwabara ya miƙe. Mai hankali ba ya sayen agogo in maƙwabci yana da zakara.

Mataki na uku: Guji ɗaukaka

Nan ne ta ɓaci. Sabuwar shugaba, Malama Hirano, ta shirya wasan da za a fito da manyan makaɗa gaban dandamali ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Kuwabara, ka daɗe a ɓoye. Ranar Asabar kai ne a gaba."

"Ranki ya daɗe, ban cancanta ba."

"Kai dai akwai tawali'u!"

Gaskiya ya faɗa, baiwar Allah ba ta gane ba. A gaba, ƙeya zai ba Tsujimoto, ba zai ga lokacin da ya zazzage yawun ba.

Mataki na huɗu: Tona asirinka ga mutum ɗaya

Kuwabara ya saya wa Tsujimoto shayi, ya sunkuya har goshinsa na taɓa tebur, ya faɗa masa komai. Tsohon ya ce:

"Wato shekara ashirin yawuna ke ciyar da iyalinka? Amma ba ka da kunya! To, in saura huɗu zan yi tari."

Mataki na biyar: Duba kalanda

Kuwabara bai duba ba. Watan Maris ne, ƙurar furen itatuwa ta shaƙe rabin gari, ana ta tari. Mai sarewa na tsaka da busa mai taushi, zaure ya yi tsit, sai wata tsohuwa a layi na uku ta yi tari.

Kuwabara ya zaci Tsujimoto ne, ya ƙirga huɗu, daidai kuwa, ya gwara da duk ƙarfinsa. Sarewa ta faɗi. Tsujimoto ya rufe fuska da ƙaho. Ni da ke zaune kusa da matar Kuwabara, wallahi tausayi ya hana ni dariya, na ɗan lokaci.

Gargaɗi

In ka bi shawarata aka kama ka, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Kuwabara dai ba a kore shi ba. Malama Hirano ta tura shi ajin koyon kiɗa na 'yan shekara shida, inda yake zama kan 'yar kujera kowace Laraba yana tafi yana ƙirga da ƙarfi. An ce ya kai sittin.