Bunsurun da Na Raɗa wa Suna

Ba zan taɓa mantawa da bunsurun da ya kusa hana ni aure ba, alhali kuwa ni na ƙirƙire shi da hannuna.

Yau ana ce mini marubucin yara, in an yi taro a ba ni kujerar gaba. To, bari ku ji yadda aka fara. Saura 'yan shekaru Turawa su shiga babban yaƙinsu na biyu aka turo ni daga Damagaram zuwa Gure, in taya daraktan lakwal, wato makarantar boko, koyar da ƙananan yara. Saurayi ne ni ɗanye sharaf, ga wando mai guga, ga takalmi mai ƙara. Kowa Mushe yake kira na, wato malam a bakin Faransawa, ni kuwa ina amsawa kamar da sunan aka haife ni.

Akwai wata Falmata da nake so, ita ma dai ba ta ƙi ni ba. Mahaifinta dattijo ne mai farin gemu, yana da dabino a kwari, yana kai kaya kasuwar Gidigir. Duk gari Baba Mai Dabino ake ce masa. 'Ya'yansa ba sa faɗin sunansa, matansa ba sa faɗa, tsararrakinsa kuwa yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Ni baƙo, ban ma taɓa tunanin yana da wani suna ba. Na aika manya suka nema mini auren, ya ce zai yi shawara. Shawarar nan ta cinye kaka, ta cinye sanyi, ta shiga bazara, shiru kake ji.

Ana nan sai ranar rufe lakwal ta gabato. Darakta ya ce a kira iyaye, kuma tun da ba sa jin Faransanci ya yarda in karanta musu wani abu da Hausa, abin da a cikin aji laifi ne babba. Na ce madalla, yau tsohon nan zai san wa yake ja wa rai. Na zauna na rubuta labarina na farko a duniya: wani bunsuru mai farin gemu ya tare a kwarin dabino, ya hana kowa ɗanɗanawa, a ƙarshe kura ta zo ta cinye shi. Wallahi ko sau ɗaya Baba bai faɗo mini a rai ba. Bunsuru ai da gemu aka san shi, a Gure kuwa in ba dabino ba me zan sa?

Saura suna. Na so in ba shi sunan mutanen Manga, don yaran su ji labarin nasu ne. Na taɓa jin wata tsohuwa ta ƙwala wa wani kira a kasuwa, "Kyari!" Sunan ya yi mini daɗi a baki, na liƙa wa bunsuru. Har 'yar waƙa na yi masa da yara za su riƙa amsawa. Ban nuna wa kowa ba (a ganina duk Gure babu wanda ya isa ya gyara mini rubutu).

Ranar, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawon da ke filin lakwal. Baba yana sahun gaba, don ni da kaina na aika masa goron gayyata. Na gyara murya na fara. Da na ambaci sunan bunsuru sai na ga mutane suna gyara zama, na ce a raina labari ya fara kama su. Na iso wurin waƙa, na rera: "Kyari mai gemu, Kyari marowaci, ba mu ɗaya mu taɓa!" Yara suka sunkuyar da kai, kowa yana zana ƙasa da yatsa. Na ɗauka kunyar iyaye ce. Na maimaita, na ce su ɗaga murya ko in saɓa musu. Wasu 'yan ƙanana suka fara amsawa, wani uba ya miƙo hannu ya murɗe kunnen ɗansa. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, darakta, mutumin Dahome da ba ya jin Hausa: yana ta tafi yana kaɗa kai.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ga dama ce ta nuna wa jama'a cewa ni da Baba muna ɗasawa. Na juya gare shi da murmushi.

"Baba, ko ka taɓa gamuwa da irin su Kyari a kasuwa?"

Ya shafa gemunsa a hankali, bai ko ɓata rai ba.

"Mushe, tun ranar da aka yanka mini rago nake amsa sunan nan. Ci gaba, muna ji."

Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, har yau kuwa ban sake ba. Na ce magariba ta yi (rana tana nan sama ƙiri-ƙiri), na naɗe takarda na bi ta bayan aji. Kafin a kai ga isha gari ya ɗauka: Mushe ya yi wa Mai Dabino habaici a bainar jama'a don ya ja masa rai. Falmata ta aiko gwaggonta ta ce kada in kuskura in bi ta ƙofar gidansu. Na tabbata na rasa ta, na kwanta ina jin haushin kaina.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya aiko a kira ni. Na tuɓe takalmin nan tun daga bakin hanya. Na same shi a zaure, jikoki sun kewaye shi. Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu. Ya ce yaran nan sun hana shi sakat, suna so su ji yadda bunsuru ya ƙare, sai in ƙarasa musu.

A takarda dai kura ce ke jiran sa. Nan take na sauya labarin: ashe bunsuru ba rowa yake yi ba, jira yake dabino ya nuna, kada yara su ci ɗanye ya ɓata musu ciki. Da ya nuna ya tara kowa ya raba. Jikoki suka yi ta murna. Shi kuwa ya dube ni ta ƙasan ido.

"Na san irin labarin nan ba ya rasa kura. Ina ta shiga?"

"Ta yi tafiya, Baba."

"To, kada ta dawo. Ka turo manyanka bayan kaka."

Tun daga ranar na rubuta littattafan yara da dama, amma babu dabbar da na sake raɗa wa suna sai na tambayi tsofaffin gari wa ke amsa shi. Labarin bunsuru kuwa, wanda ya fi duk abin da na rubuta amfani, ban taɓa buga shi ba. Kyarin da kuka karanta a nan ma ba shi ne sunan ba, aro na yi. Na gaskiyan na surukina ne, bakina ba ya iya faɗa.